Tsibirai a Tsakar Gida

A bayan kasuwar Bakori akwai gidan Hajiya Mero, gidan manoma ne tun kakanni. Hajiya tana zaune da 'yarta Sabuwa, wadda ta dawo gida da 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta. Babbarsu Raudatu ce, 'yar aji biyar a firamare, sai ƙanenta Rabe da bai daɗe da fara magana ba. Namijin gidan shi ne autan Hajiya, Maharazu. Ba su rasa ci ba, ba su rasa sutura ba, masara da dawa ba sa yankewa a rumbunsu. Abin da yaran suka rasa shi ne mai ɗaukarsu ya fita da su. Tun da mahaifinsu ya rasu ba wanda ya ƙara cewa su shirya a je wani wuri. Raudatu ba ta taɓa wuce Funtua ba, kuma ruwa mafi girma da ta sani shi ne kududdufin bayan makarantarsu.

Maharazu kuwa ya ga duniya. Ya yi karatun noman shinkafa a Indunusiya, ya dawo yana aiki da wani kamfanin iri a Funtua. A daminar shekarar nan wani abokin karatunsa ya gayyace shi bikin aurensa a tsibirin Ambon. Sai ya ƙudurta cewa in an gama biki zai zaga ƙananan tsibiran Banda, waɗanda bai samu zuwa ba lokacin yana ɗalibi.

Wata ranar Asabar aka tafka ruwa tun hantsi har azahar. Da aka ɗauke, tsakar gida ta cika, sai 'yan tuddai nan da can da ruwan bai rufe ba. Raudatu tana tsaye a bakin ɗaki tana neman inda za ta taka, Maharazu ya fito da waya a hannu, ya tsaya yana murmushi.

"Rauda, zo ki ga inda za ni," in ji shi. "Kin ga tudun can na gindin turmi? Ambon ke nan. Wannan na kusa da murhu Banda Neira. Ƙananan nan kuma Ai, da Run, da Hatta."

"Kawu, mutane a tsakiyar ruwa? To ta ina suke zuwa kasuwa?"

Ya ɗauki ɓawon gyaɗa ya ɗora a kan ruwan, ya hura shi. Ɓawon ya yi ta layi har ya je ya tsaya a gindin murhu. "Ga motarsu," ya ce.

Daga ranar Raudatu ta kamu. Kullum in ya dawo daga Funtua bayan la'asar, yakan tarar ta share wani gefe na tsakar gida ta jera tsibiran da duwatsu. Su tsuguna, shi yana duba waya, ita tana tura ɓawon gyaɗa. Ya gaya mata cewa kanumfarin da Hajiya ke sakawa a kunu a irin waɗannan wurare yake fitowa, haka ma gyaɗar ƙamshi. Ya ce teku a can yakan yi haushi a lokacin daminarmu, sai wajen kaka yake kwantawa, shi ya sa za a jira. Ya ce ƙananan jiragen ba su da lokaci tsayayye, sai yadda iska ta yarda, saboda haka mai tsara tafiya dole ya bar kwanan rara a tsakani.

Raudatu yarinya ce mai tsari. Ita ce ta lura cewa yadda Kawu ya jera tsibiran, sai an koma Neira sau da yawa ba dalili. Ta sake jera duwatsun: a fara da Hatta tunda ita kaɗai ce a gabas, a dawo, sannan a yi yamma zuwa Ai a wuce Run.

"Kuma ka duba," ta ce, "kada Juma'a ta same mu a ƙaramin tsibiri. In ba su da masallacin Juma'a fa?"

Maharazu ya dube ta, ya dubi wayar, ya ƙirga da yatsu. "Wallahi kin fi ni. Ban yi wannan tunanin ba." A gabanta ya gyara tsarin a wayarsa, ya aika wa abokinsa.

A ranar ne ta yi ƙarfin halin tambaya. Ta sunkuyar da kai tana wasa da dutsen Run. "Kawu, da gaske da ni za a je?"

"To da wa zan je in ba ke ba? Mai tsara hanya ai ba a barinta a gida."

Hajiya Mero tana gefe tana tsince wake. Ta ce, "Ƙawata, ke da ko Zariya ba ki sani ba? Kifi zai ganki ya ce ga 'yar ƙauye ta zo."

"Ke ma Hajiya ai Makka kawai kika je, kuma an ce barci kika yi ta yi a jirgi."

"Ja'ira. Wa ya gaya miki?"

Aka yi dariya. Raudatu ta waiwaya wajen mahaifiyarta tana neman tabbaci. Sabuwa tana wanke-wanke, ba ta ɗago ba, ta ce, "Allah ya kai mu lokacin."

Abu ɗaya ne ya dami Raudatu, tana tsoron ruwa. Maharazu ya ce mai tsoron ruwa ba ya zaga tsibirai. Wata Lahadi ya ɗauke ta a babur zuwa madatsar ruwa ta Mairuwa, ya roƙi wani masunci ya ɗan zaga da su a kwalekwale. Da ta sa ƙafa, abin ya karkata, ta ƙanƙame rigar kawunta. Ta runtse ido har suka yi nisa da gaɓa. Can ta ce wa kanta, in ban buɗe ido a nan ba, ba za a je da ni ba. Ta buɗe. Ruwa ta ko'ina, gonakin masara sun koma can nesa kamar zare. Ta saki rigar da hannu ɗaya, ta taɓa ruwan da yatsa.

"Madalla," in ji Maharazu. "Kin ci jarrabawa."

A makaranta ta ba kowa labari. Ƙawarta Amatullah, wadda babanta direban babbar mota ne kuma take ganin ta san harkar tafiya, ta taɓe baki.

"Kina da fasfo?"

"Mene ne haka?"

"Au, ba ki ma san shi ba. To ba a fita ƙasa sai da shi. Ke dai ki ce za ki raka shi tasha."

Raudatu ta kai maganar gida da yamma. Maharazu ya sosa gemu, sannan ya ce yara a fasfon manya ake saka su. Ta koma washegari ta faɗa wa Amatullah haka, da ƙarfi, a gaban 'yan aji.

Kaka ta yi, aka kwaso masara, tsakar gida ta cika da zangarniya har tsibiran suka rasa wuri. Raudatu ta kwashe duwatsunta ta kai bayan rumbu. Ta wanke kayanta na Sallah, ta ninke su a jakar makaranta, ta sa man shafawa da carbin da aka ba ta a Islamiyya. Ta tambayi Hajiya abin da take so a kawo mata. Hajiya ta ce kanumfari, mai yawa, sannan ta juya ta shiga ɗaki da sauri.

Ranar tafiya da hantsi wani abokin Maharazu mai suna Hussaini ya zo da mota zai kai shi filin jirgin sama na Kano. Maƙwabta suka taru a ƙofar gida ana addu'a. Raudatu ta fito da jakarta a kafaɗa, ta yi wanka, ta sa kwalli, ta tsaya a jikin ƙofar motar ta baya. Hussaini ya dubi Maharazu. Maharazu ya dubi ƙafafunta.

"Rauda, da silifas za ki hau jirgi? Je ki sa takalminki na Sallah."

Raudatu ta dube shi. Ta san wannan maganar. Haka ake yi wa Rabe duk lokacin da ya maƙale wa mai zuwa kasuwa, a ce ya je ya ɗauko takalmi, kafin ya fito an sha kwana. Amma wannan ai na ƙananan yara ne, kuma kasuwa ce, ba tafiyar da aka yi damina guda ana tsarawa ba.

"Kawu, ba irin na Rabe za ka yi min ba?"

"Haba dai. Ga Yaya Sabuwa nan, tambaye ta."

Ta dubi mahaifiyarta. Sabuwa ta gyara mayafi, ta ce, "Ke, yi sauri mana, kina ɓata musu lokaci."

Tunda Umma ta faɗa, shi ke nan. Raudatu ta ajiye jakar a ƙasa ta ruga ciki. Takalmin a ƙarƙashin gado yake zama, ta durƙusa ta leƙa, babu shi. Ta ɗaga katifa. Ta zazzage kwandon wanki. Ta duba bayan ƙofa, ta shiga ɗakin Hajiya ta fito. Tana cikin haka ta ji an tada mota. Ta ce a ranta juyawa suke yi, lungun ai matsattse ne. Ta ja kujera ta hau, ta miƙa hannu saman kabad inda Umma ke jera manyan tukwanen da ba a taɓawa sai da biki. Ta ɗaga murfin ta farko, ba komai. A ta ƙarshe, can ciki, ta taɓo leda. Takalmin ne, an naɗe shi da kyau, an ɗaure bakin ledar.

Ta sauko, ta sa shi, har da ɗaure maɗaurinsa. Ba ta yi gudu ba wajen fita, don ta riga ta ji shirun da ke waje.

A ƙofar gida babu mota, sai sawun taya da jakarta inda ta ajiye ta. Maƙwabta suna watsewa. Wata tsohuwa ta shafa kanta tana dariya, ta ce, "Ayya, an yi wa amarya wayo. Yi haƙuri, zai kawo miki tsaraba." Wani yaro ya ce ta bi su da gudu, ai ta sa takalmi. Raudatu ta ɗauki jakarta ta koma ciki.

Hajiya ta dama fura ta miƙo mata. "Sha, ƙawata. Teku ai ba ya ƙarewa, kya je in kin girma." Raudatu ta karɓa don kada ta yi rashin kunya, ta ajiye kwanon a gefe. Ta zauna a kan turmi har rana ta take, takalmin yana ƙafarta. Kukan da ake jira bai zo ba.

Bayan azahar ta tarar da mahaifiyarta ita kaɗai tana ɓarar masara a inuwar rumbu. Ta tsaya a gabanta.

"Umma, wa ya sa takalmina a tukunya?"

Sabuwa ta ci gaba da murza zangarniya. "Ni ce."

"Yaushe?"

"Jiya, kina makaranta."

"To yaushe kika san ba da ni za a je ba?"

Sabuwa ta ajiye masarar. Ba ta saba kiran sunan 'yarta ta fari ba, kuma yau ma ba ta kira ba. Ta ce, "Zauna, 'yar nan. Tafiya irin wannan ba ta yara ba ce, kowa ya sani. Kawunki ya ga kina murna, rabon da mu ga kina dariya haka tun Babanku yana da rai. Wa zai iya buɗe baki ya ce miki a'a? Da an faɗa miki tun farko, da damina guda za ki yi kina kuka. Gara kukan yini ɗaya."

"Amma na tambaye shi. Na tambaye ki ɗazu."

"Ni ma haka aka yi min ranar da kakanku zai tafi Makka. Ga ni nan, ban mutu ba."

Wayar Sabuwa ta yi ƙara. Maharazu ne, sun isa Kano. Raudatu tana jin muryarsa daga inda take, yana tambaya ko Rauda ta huce, a ba ta su gaisa, yana so ya gaya mata cewa tsarinta zai bi, Hatta da farko. Sabuwa ta miƙo wayar. Raudatu ta dubi wayar, ta girgiza kai a hankali, ta sa hannuwanta a baya.

"Tana fushi," Sabuwa ta ce masa tana ɗan murmushi. "Zuwa gobe ta manta."

Raudatu ta zauna a gefen tabarma, ta ɗauki zangarniya ta fara ɓara, don aikin gida ba ya jiran kowa. Ta fahimci cewa tun ranar ruwan nan na Asabar babu wani babba a gidan da ya taɓa zaton za a je da ita. Ta fahimci cewa suna sonta, kuma duk da haka sun haɗa kai sun yi mata ƙarya, har da mahaifiyarta, kuma a wurinsu wannan ba laifi ba ne.