Sufanar Yaya a Cikin Kwamfutar Auta

Tun daga bakin ƙofa Auta ta san an shigar mata ɗaki. Kujerarta ba ta inda ta bar ta, ga kuma ƙatuwar sufana a kan tebur, mai jan tef a mariƙi. Mutum ɗaya ne a gidan nan ke yawo da irin wannan sufana, yayanta mai gyaran famfo.

Ko jakar aiki ba ta sauke ba, ta durƙusa gaban kwamfutar.

Ita ta haɗa abarta, guntu-guntu, ba ta tambayi kowa ba. Da rana tana kantin magani, in ta dawo sai wasan gem a kwamfuta. Matsalar injin ɗaya ce, zafi. Da wasa ya yi wasa sai fankokin ciki su ɗauki kuka kamar injin niƙa, hoto ya dinga tsalle, abokan wasanta na intanet suna yi mata tsiya ta abin magana da ke kunnenta wai ta fito daga cikin jirgi tukuna. Shi ne ta yanke shawarar sa masa ruwa: ɗan tanki, ɗan famfo, lagireto irin na mota amma ƙarami, da tiyo masu zagaya ruwan ta kan duk inda ke zafi. Ta sha jira kafin kayan su iso. Ta yanka tiyo ta ɓata, ta sake yankawa, yatsunta suka yi kanta wajen murza notuka.

Jiya ta gama. Saura gwaji, kuma gwajin ba wuya: a zare wa kwamfuta wuta gaba ɗaya, a bar famfon kaɗai yana juya ruwa, a shimfiɗa tishu ƙarƙashin kowace mahaɗa. In aka wuni tishu na bushe, aiki ya yi. Haka ta bar shi da safe ta tafi. Ta wuni tana miƙa wa mutane magani zuciyarta na gida, don abu ɗaya take so ta sani: shin aikin da hannunta kaɗai ya yi zai riƙe ruwa?

Yanzu ga tishun nan sharkaf da shuɗin ruwan da ta zuba a tankin. Murfin gilashin roba da ruwan ke bi ta cikinsa a kan katin sarrafa hoto, katin da shi ne ran injin, ya tsage daga gindin noti, tsaga siririya kamar gashi, ruwa na tsattsafowa yana sauka a kan katin. Ta kashe famfon. Ta bi notukan ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda haƙorin sufana bai ci fentinsa ba. Ko ɗaya bai bar mata ba.

Dama halin Yaya ke nan, kuma abin haushin shi ne kowa yabonsa yake yi. Tun tana firamare, in aka ba su aikin haɗa gida da kwali, tana cikin manna bango zai ce, "Kawo nan," ya ƙarasa, malami ya yaba. Kekenta in ya zubar da sarƙa, kafin ta sunkuya ya mayar. Katakon ajiye littattafai da ta kafa a bango bara, ta je wanka ta dawo ta tarar ya cire ya sake kafawa, wai ya karkace. Mutumin kirki ne, ba wanda zai musa. Amma kirkinsa ya ishe ta har wuya.

A falo ta same shi, ya miƙe ƙafa yana kurɓar shayi, Mama na gefe tana ninke wanki.

"Yaya, kai ka taɓa min kwamfuta?"

"Au, kin gani?" Har da murmushinsa. "Caja na shiga nema, sai na ji famfo na aiki. Ina taɓa noti ɗaya na ji ya juya a hannuna. Na ce yarinyar nan za ta yi mana ambaliya a gida. Na ɗaure miki su tamau, ba sai kin gode ba."

"Ka fasa shi."

"Na fasa me?"

"Ka fasa shi, Yaya! Da yatsa ake ɗaure su! Zoben roba ne a ciki yake riƙe ruwan, ba ƙarfi ba. Wa ya aike ka? Wa ya ce ka sa min sufana?"

Ya ajiye kofin. "Ke, ni za ki koya wa aikin ruwa? Tun kina rarrafe nake wannan sana'a. Duk mahaɗar da ta juya a hannu, ba ta ɗauru ba."

"A banɗakin mutane ke nan! Wannan ba bututun banɗaki ba ne!"

"Auta," in ji Mama, "sassauta murya mana. Yayanki ne fa. Taimakonki ya yi."

Wannan kalma ita ta ƙarasa tunzura ta. Taimako. Ji ta yi kamar ta ɗauki kwandon wankin ta watsar.

"Mama, kullum haka kike cewa. Na roƙe shi? Ɗakina ne, kayana ne, ni na zauna na karanta yadda ake yi har idona ya yi ja. Shi ko tambaya ba zai yi ba. Yana da lambata, waya na aljihunsa. 'Auta, haka ake barin wannan?' Bakinsa zai yi ciwo ne?"

"To, ya isa," in ji Yaya, ya miƙe yana gyara riga. "Mu je in gani. In tsagewa ce akwai wani gam da nake..."

"Wallahi ka sake taɓa shi, sai dai a nemi wani gidan a kai ni."

Duk da haka ya bi ta, Mama ma ta biyo su da zani a hannu. Ya tsaya a kan injin yana kallo. Ta ga lokacin da idonsa ya sauka a kan tsagar, ta ga murmushin ya gudu. Hannunsa ya ɗaga da kansa zai kai wajen, ya tuna, ya cusa shi a aljihu.

"Katin ya mutu?" ya tambaya a hankali.

"Ban sani ba. Sai ya bushe."

"Zan nemo miki wani murfin. Ko daga ina ne."

"Ba murfi ne damuwata ba."

Ta zauna a ƙasa tana ɗaga jiƙaƙƙen tishu ɗaya bayan ɗaya, shuɗin na ɓata mata yatsu. Fushin bai tafi ba, sai dai ya koma ciki. Murfi za a iya sauyawa. Katin ma wataƙila ya tashi, tunda babu wuta a jikinsa. Amma ɗaurin da ta yi jiya da yatsunta ya tafi ke nan, kuma mutum ɗaya ne a duniya ya gan shi yana aiki.

"Yaya, abu ɗaya zan tambaye ka, kuma don Allah ka gaya min gaskiya."

"Ina ji."

"Lokacin da ka shigo, famfon ya daɗe yana juya ruwa. Kafin ka sa sufana, tishun nan a bushe yake ko a jiƙe?"

Ya dubi tishun. Ya dubi Mama. Ya sosa ƙeya.

"Na dai ture su gefe na yi aikina, na mayar."

"A bushe ko a jiƙe?"

"Auta," ya ce, "ban duba ba."