Shirun Doguwa

Ƙarfe bakwai da rabi na kowace safiya lokacin Doguwa ne. Balaraba ta san wannan kamar yadda ta san lokutan sallah. Ita ce mai kula da rediyon oba-oba a ofishin wani kamfanin tara nono da ke Bebeji, kuma shekara uku ke nan tana zaune gaban wata baƙar na'ura mai ɗan ƙaramin gilashi, tana karɓar kira daga tashoshi huɗu. Ƙofa ce ta biyu, Dangora ta uku, Tudun Wada ta huɗu, Doguwa ta biyar. Bebeji ita ce uwa, ita ce ta ɗaya. Kowace tasha takan faɗi yawan nonon da aka tara, da ko akwai saniya marar lafiya, da ko ruwa ya cinye hanya, sannan a san inda mota za ta fara nufa.

Sunan layin gaba ɗaya Ruga. Shi ne rubuce a gilashin kowace na'ura, da shi kuma ake buɗe magana.

"Ruga Biyar na kiran Ruga Ɗaya. 'Yar Bebeji, kin karya kuwa? Oba."

Wannan Goggo Dije ce, dattijuwar da aka ajiye na'urar Doguwa a zauren gidanta, don ita matan rugage suka yarda da ita. Ba su taɓa ganin juna da Balaraba ba, amma Dije ta rantse daga murya ta gane yarinyar ramammiya ce. Saboda haka duk ranar Laraba sai direba ya sauke 'yar kwalbar man shanu a kan teburin Balaraba, an toshe bakinta da tsumma mai tsabta.

"Goggo, wallahi ba ni da rama. Ƙofar ofishin nan ma da kyar nake shiga. Oba."

"Ƙarya kike, ina jin ƙasusuwanki suna ƙara ta cikin akwatin nan. Tulu tara ne yau. Oba."

Da ranin shekarar 1997 Allah ya yi wa mai kamfanin, Alhaji Hamman, rasuwa. Ɗansa Isa ya zama manaja. Mutum ne mai kirki, sai dai rashin mahaifin ya zauna masa a ƙirji, kullum yana neman abin da zai yi don kada a manta da shi. Da damina ta kankama sai ya kira Malam Shitu, mai gyaran rediyon kamfanin, ya ce a cire Ruga a sa sunan marigayi.

Shitu ya sosa ƙeya. "Yallaɓai, ba fenti ba ne da za a goge a allo. Sunan yana cikin kowace na'ura. Duk wadda nata ya bambanta da na sauran, ba ta jin su, ba sa jin ta, ko da a ɗaki ɗaya suke. Sai na bi su ɗaya bayan ɗaya da wayata."

"To bi su," in ji Manaja.

Shitu ya ɗaure ɗan akwatin aikinsa a bayan babur, ya yi kwana biyu yana zagaye. Ranar da ya gama, Manaja ya zo ya tsaya a bayan kujerar Balaraba don ya ji da kunnensa. Ƙofa ta kira: Hamman Biyu na kiran Hamman Ɗaya. Dangora ta kira. Tudun Wada ta kira. Balaraba ta saci kallonsa, ta ga idonsa ya ciko.

Bakwai da rabi ta yi. Na'ura ta yi ƙyas, sai muryar Dije, ƙasa-ƙasa ba kamar kullum ba.

"Ruga Biyar na kiran..."

Manaja ya karɓe abin maganar daga hannun Balaraba. "Babu sauran Ruga! Daga yau duk wanda bai buɗe da sunan marigayi ba, kada a amsa masa. Kowa ya ji. Oba."

Kowa kuwa ya ji, don abin da aka faɗa a layin nan tashoshi biyar ne ke saurare. Doguwa ba ta ƙara cewa uffan ba.

Washegari ma haka. Bakwai da rabi na yi, sai 'yar jar fitilar na'urar ta kama, alamar wani ya danna abin magana a can. Balaraba ta kasa kunne. Ta ji kukan zakara daga nesa, ta ji kamar numfashin mutum. Sai fitilar ta mutu.

"Hamman Ɗaya na kiran Hamman Biyar. Goggo, ina jin ki. Oba."

Shiru.

Kwana tara ana haka. Sau biyu mota ta tafi Doguwa a kan tsammani ta tarar ruwa ya datse hanya, sau ɗaya ba ta je ba nono ya lalace a tuluna. Ranar Laraba kwalbar man shanu ta iso kamar kullum, ba saƙo, ba komai. Balaraba ta riƙe ta a hannu ta daɗe tana kallo.

Manaja ya ɗauki abin a matsayin raini. "Mutumin da ya kai mata na'urar har zaurenta, shi ne sunansa ya yi mata nauyi? Shitu, je ka duba. In na'urar lafiya take, ranar Litinin ka kwance ta ka kai shagon bakin tashar mota ta Doguwa. Mai shagon ya daɗe yana roƙo."

Balaraba ta san in aka fitar da na'urar daga zauren nan, an kunyata Dije a gaban duk matan da ke kawo mata nono, ita kuma ba za ta sake jin muryar ba.

Ranar Asabar da la'asar Shitu ya dawo, taɓo har gwiwa. Ya zube a benci yana fifita da hula.

"Malam Shitu, yaya? Ta lalace ko?" Balaraba na fata ya ce e.

"Lalacewa? Ta fi taki lafiya. Batir cike, suna daidai. Har saman rufi na hau na duba sandar eriya."

"Ita Goggon fa? Me ta ce?"

"Ta dama mini fura, ta tambaye ni ko kina cin abinci. Na ce mata kin fi buhun gero. Da na kawo maganar kira sai ta ja mayafi ta shige cikin gida. Ni dai ban gane ba. Mutanen kirki ne wallahi, babban ɗanta ma shi ya bar shanunsa ya zo ya riƙe mini tsani. Hamman. Mutum mai gemu har nan, ga..."

"Wa?"

"Hamman, ɗanta na fari. Shi ne ya..." Shitu ya tsaya, hular ta tsaya a iska. Suka dubi juna. "La ilaha illallahu," ya faɗa a hankali. "Ni da hannuna na rubuta mata shi a gilashi, a tsakiyar zaurenta."

Balaraba ta shiga tuno hirarsu ta shekara uku. Dije takan kawo zancen 'ya'yanta, ta ce Luba ta yi kaza, Audu ya ɓatar da akuya. Amma akwai ɗaya da ba ta taɓa kira ba, sai dai "wancan na gidan", ko "shi wannan ɗin", ta wuce da sauri. Balaraba ta ɗauka wani maƙwabci ne. Ashe ɗan fari ne. Matar da ko a ɗakinta ba ta taɓa furta sunan nan ba, ita aka ce ta kwaɗa shi kowace safiya garuruwa biyar na ji. Kuma ba ta da bakin da za ta yi bayani, don cewa "sunan ɗana ne" ma wata kunyar ce.

Lahadi da safe fitila ta kama. Balaraba ta danna nata, ta zaɓi kalmominta don kada sauran tashoshi su gane.

"Goggo, ba sai kin yi magana ba. In fushi kike da mu, danna sau ɗaya. In kuwa bakinki ne ya yi nauyi, danna sau biyu. Oba."

Fitilar ta mutu. Can ta kama, ta mutu. Ta sake kamawa karo na biyu.

Ranar Litinin ta riga kowa zuwa. Ta share ofis, ta goge na'ura sau biyu, ta yi ta maimaita maganar da za ta faɗa, tana gyarawa tana rushewa. Ta yaya za ta dubi maraya ta ce masa ya cire sunan mahaifinsa? Da Manaja ya shigo, Shitu na biye da shi da akwatin aiki, duk abin da ta shirya ya gudu.

"Balaraba, kira Doguwa ki gaya mata Shitu na tafe."

Ta dubi abin maganar. Sai wani abu ya faɗo mata. Tun ranar da aka canja sunan, ba ta taɓa jin Manaja ya buɗe kira da kansa ba. Marigayi yake cewa, ko Baba. Ɗansa ma da ya ci sunan, Abba yake kiransa.

Ta miƙe, ta miƙa masa abin maganar da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, ta haife ni. Ba zan iya faɗa mata wannan ba. Gara ta ji daga bakinka."

Ya karɓa da ɗan ɓacin rai, ya danna. Ya dubi gilashin, inda sunan yake a rubuce ɓaro-ɓaro. Ya buɗe baki.

"Ha..." Ya yi gyaran murya. "Wato... tashar Baba ta ɗaya na kiran..."

Ya saki. Na'ura ta yi ƙyas, sai ga muryar mutumin Tudun Wada, wanda bai san wa ke magana ba.

"Hamman Huɗu ne. Wane ne wannan yake wasa da layi? Malam, a buɗe da suna, dokar Manaja ce. In ba haka ba, ba mai amsa maka. Oba."

Shitu ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na girgiza. Manaja ya sake dannawa, ya daɗe a haka fitila na ci, leɓensa na motsi ba sauti. Daga ƙarshe ya ajiye abin a kan tebur.

"Ba zan iya ba," ya ce, kamar mai mamakin kansa. "Tunda nake ban taɓa ba."

"Ita ma haka, ranka ya daɗe," in ji Balaraba, idonta a ƙasa. "Ɗanta na fari sunan Baba gare shi. Kullum bakwai da rabi tana zuwa ta danna. Ko kwana ɗaya ba ta fasa ba."

Manaja ya zauna a bencin da Shitu ya saba zubewa. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa. A waje direba yana jera tuluna.

"Na yi wa dattijuwa tsawa a gaban garuruwa biyar," ya ce. "Da Baba na nan da ya ja kunnena." Ya goge fuska. "To amma, Balaraba, in koma Ruga? Shi ke nan in share shi?"

Ta ce, "Goggo ba ta taɓa ce masa Alhaji ba. Mai Ƙwarya take cewa. Wai da ƙwarya ɗaya ya fara bin rugage a kan keke."

Manaja ya yi dariya, hawaye na bin dariyar. "Ƙwaryar tana nan a ɗakin Inna, ta tsage an ɗinke." Ya dubi Shitu. "Zai shiga gilashin?"

"Zai shiga, yallaɓai. Amma a tambayi kowa tukuna. In akwai mai suruki Mai Ƙwarya ya faɗa tun yanzu, babur ɗina ya gaji."

Aka tambaya, ba a samu ba. Sai dai mutumin Tudun Wada, da ya gane wanda ya yi wa faɗa, ya yi ta ba da haƙuri har sai da aka ce ya sauka daga layi.

Wannan karon Shitu daga Doguwa ya fara, ya ce uwa ce ƙarshe. Ya tafi da goro da turmin atamfa daga Manaja. Kwana biyu Balaraba na zaune tashoshi suna ɓace mata ɗaya bayan ɗaya, don duk wadda ta karɓi sabon suna ta daina jin Bebeji. Tudun Wada ta tafi, Dangora ta bi ta, Ƙofa ta bi. Ranar Talata da yamma ba kowa a layin sai ita kaɗai.

Laraba da sassafe Shitu ya jona wayarsa a bayan uwar, ya yi 'yan danne-danne. Tsohon rubutun ya ɗauke, sabon ya fito. Bakwai da minti ashirin da biyar. Manaja na tsaye a bakin ƙofa, wai iska yake sha.

Fitila ta kama.

"Mai Ƙwarya Biyar na kiran Mai Ƙwarya Ɗaya." Muryar ta fito garau, har na'urar na rawa. "'Yar Bebeji, kina nan ko yunwa ta ƙarasa ki? Oba."

Balaraba ta danna. "Ina nan, Goggo. Oba."

"Ji murya kamar ta sauro! Sati biyu ban sa ido ba kin lalace. Tulu goma sha ɗaya ne, hanya lafiya. Kwalba biyu zan ba direba, ɗaya taki, ɗaya ta yaron nan Manaja. Na ji muryarsa ranar Litinin, shi ma ba ya cin abinci. Oba."