Allurar da Na Ɗaga

Ni na sa wa motar Auta wannan injin. Nata na asali ya gaji, ko ɗan tudu ta gani sai ta hau tari, ga shi ita ke kai Inna wankin ƙoda sau biyu a mako, tafiyar awa biyu da rabi zuwa babban asibiti. Da na samu injin wata mota da ta yi hatsari, babba, mai lafiya, sai na ce wa ƙanin nawa ya kawo ta gareji. Shekara ashirin da biyu ina kanikanci, me zai gagare ni?

Injin ya shiga, amma kaskon da baƙin mai ke taruwa a ƙasansa ya sauko da yawa, yana neman gogar kwalta. Na yanke shi na rage zurfinsa, mai walda ya liƙe. Na san abin da na yi: mai ya ragu, kuma in inji ya ɗau zafi a doguwar hanya, famfo zai iya zuƙo iska maimakon mai. Shi ya sa na sayo agogon da ke nuna ƙarfin mai, na kafa shi kusa da sitiyari, na ari jan farcen matata na ja layi a gilashin.

"In allura ta taɓa layin nan, ka tsaya ka kashe," na ce masa. "Kuma sai inji ya yi zafi ake karanta agogo. Kada ka dame ni da sassafe."

Na manta da wanda nake magana. Auta tela ne, mutumin da ke warware riga guda saboda zare ɗaya ya karkace. Ranar farko ya kira ni sau huɗu.

"Yaya, ta sauko fa."

"Ta taɓa layin?"

"Saura ƙiris."

"To ƙiris ɗin naka ne? Ja motarka."

Haka muka yi wata guda. Ina ƙarƙashin mota, mai na ɗiga mini a ido, waya na kuka. Ya tsaya a hanya ya jira inji ya huce, su isa asibiti a makare, Inna ta dawo ta ce mini, "Kai da ƙaninka za ku kashe ni da tsaye-tsaye." Tana faɗa tana dariya, ƙafafunta a kumbure. Abin ya ishe ni, kuma gaskiya girman kai ya shiga, don duk kiran da ya yi ji nake kamar cewa yake aikina bai yi ba.

A sana'armu akwai abin da muke yi wa mai mota matsoraci. Ran da ya kawo ta juyen mai, na tura shi ya sayo mini tsumma, na buɗe gilashin agogon, na zare allurar na mayar da ita sama kaɗan. Minti uku. Na ce a raina in na samu sarari zan nemo kasko mai faɗi in gyara abin daga tushe.

Waya ta yi shiru. Har Auta ya zo yana yaba mini. "Yaya, hannunka da albarka. Yanzu ko kusa da layin ba ta zuwa." Na karɓi yabon, ban ji kunya ba. Kaskon kuwa ban nemo ba.

Wata Talata Inna ta tashi numfashi na yi mata wuya, ruwa ya taru mata a ƙirji. Auta ya ɗauke ta da hantsi, ya taka mota fiye da yadda ya saba. Tun kafin azahar ya kira ni.

"Yaya, inji ya buga. Muna kan dogon tudun nan, ba gida gaba ba gida baya."

Ta bayansa ina jin numfashin Inna. Na ari babur na kama hanya, amma kafin in kai wata babbar mota ta ɗauke su, bayan sun yi fiye da awa a rana. A ƙofar asibiti rai ya yi halinsa.

Kwana tara bayan nan janwe ya kawo motar gareji. Auta ya biyo ta, ya rame, rigarsa duk ta yamutse. Tun rasuwar bai taɓa keken ɗinki ba. Ya buɗe ƙofa ya zauna a mazaunin direba, ya dafa sitiyari. Ɗankwalin Inna na nan a kujerar baya.

"Kullum sai na sake lissafawa," ya ce. "Wallahi idona na kanta, Yaya. Ina kallon hanya, ina kallon Inna, ina kallonta. Ko dai ta sauka ne lokacin da na waiwaya? Ni na kashe ta, ko?"

"Kwananta ne ya ƙare," na ce.

Ya gyaɗa kai, ya share ido da hannun riga. Sai na ga ya tsaya cak, ya matso da fuskarsa kusa da agogon. Ya ƙwanƙwasa gilashin da farce. Ya duba makulli, yana hannunsa. Injin ya kwana tara a mace, babu ɗigon mai da ke motsi a cikinsa, allurar kuwa tana tsaye a saman jan layin.

"Yaya," ya ce, bai ɗago ba. "Mota a kashe take. Me ya sa ba ta sauka ba?"

Ina riƙe da sifana, na rasa inda zan ajiye ta.

"Wa ya taɓa agogon nan bayan kai?"

"Babu kowa," na ce.