Kwalabe Uku na Ruwan Fari

Aikina na kammala digiri a Aliero kowa dariya yake masa. In tari ruwan sama a Danwarai, Jega da Maiyama, in kwaso gansakukar tafkunansu, in auna yadda sinadarin salfet ke hawa da sauka daga faɗuwar damina zuwa ɗaukewarta. Malamina ya ja mini kunne tun farko: ruwan fari ne ke wanko hayaƙi da dattin sama, da shi ake gwada sauran. In babu shi, sai baɗi.

Na kuwa same shi. Har faɗuwa na yi a kan acaɓa a hanyar Maiyama, amma na dawo da kwalabe uku cif. Injin awon makaranta ya lalace, kamar kullum, don haka na kai su firjin Goggo Hamsatu, yayar babana, a unguwar Jega Firchin. Na rubuta musu suna, na ce kada a taɓa.

Sai watan tara aka gyara injin. Na yi sammako zuwa Jega. Ko zama ban yi ba Goggo ta miƙo mini ƙwarya da rubutu baƙi wuluk.

"Shanye, Barakatu. Na jarrabawarki na."

Na yi bisimilla na shanye, don ba a yi wa Goggo musu. Sannan na buɗe firji. Zoɓo, ƙanƙara, kunun aya. Kwalabena babu.

"Goggo, ina ruwana?"

"Shi na kinka sha yanzu," in ji ta, tana murmushi. "Malam Ya'ƙub mai rubutu yac ce babu ruwan wanke allo kamar ruwan hwari, bai taɓa ƙasa ba. Nic ce to ga shi ɗiyata ta tara, har gari ukku. Kwana bakwai shina rubutawa."

Na rufe firjin. Na so in yi ihu, in fasa ƙwaryar nan. Amma wa zan yi wa? Tsohuwar da ta taka har ƙarshen unguwa da ciwon gwiwa saboda ni? 'Yan ajinmu za su sa rigar yaye bana, ni kuwa ina nan ina kallon gabas har wata bakwai.

Goggo ta karɓi ƙwaryar, ta leƙa, ta ga ban rage ko ɗigo ba.

"Madalla. Bana kam kin gama, da yardar Allah. Ce amin mana."

Na ce amin.