Giyar Dogo da Aksul ɗin Mai Gwangwan

A bayan tarin ƙarafa suka tafa, Dogo mai walda da mai gwangwan, dillalin tsofaffin ƙarafa, hannu duk baƙin mai. Musaya ce, ba sisi. Dogo zai kawo giyar motarsa ta hannu mai lafiya, ya ɗauki wata otomatik da aka kwance daga motar da ta yi hatsari, haɗe da taransifarta, wato ƙaramin akwatin nan da ke raba ƙarfi tsakanin ƙafafun gaba da na baya.

"Ka duba da kyau, Dogo," in ji mai gwangwan. "Kaya in ya fita ƙofar nan ba ya gane hanyar dawowa."

"Ni za ka koya wa ƙarfe? Kana tsintar gwangwanin madara nake haɗa bodin tirela."

Ya kuwa duba. Ya zaro ma'aunin mai ya shinshina, ja ne, ba ƙauri. Ya kwance farantin ƙasa ya laluba, babu garin ƙarfe. Ya juya taransifa da hannu ya kasa kunne, shiru. A ransa ya ce yau ya kwashi banza.

Gwiwarsa ta hagu ce ta kawo shi. Tun bara ta daina taka kuloci, ga garkarsa can ƙetaren wani busasshen rafi, yashi har ƙwauri. Matarsa ta gaji da ganin ana goyo shi a babur kamar buhu, suka yi magana a gaban 'ya'ya: in lokacin dashe ya zo bai iya kai kansa ba, garka ta koma hannun mijin 'yarsu. Shi ya sa ya haɗa wani kwarangwal ɗin mota da bututun ƙarfe, kujera biyu, ba ƙofa ba gilashi. Giyar da ba ta son ƙafar hagu kawai ta rage. Dashe kuma saura kwana tara.

Kwana biyu yana ɗaura sabuwar giyar. A na uku ya kwanta ƙarƙashi da farfelar gaba a hannu, sandar ƙarfen da ke haɗa taransifa da aksul, ya nemi inda zai sa. Bakin taransifa yana hagu. Tulun aksul ɗinsa na gaba, wato ƙarfen da ke juya ƙafafun gaba, yana dama. Tsakaninsu kuma ga cikin inji ya tare hanya. Ya daɗe a kwance yana kallonsu. Shekara talatin yana taɓa irin motar da komai nata a dama yake, har ya manta akwai masu sa shi a hagu. Hanci da kunne ya kai kasuwa, ya bar awo a gida.

"Malam, barci kake a ƙasan?" matarsa ta leƙo.

"Tunani nake."

"To yi sauri. Surukinka ya aiko tambayar makullin injin ban ruwa."

Zai iya yanka aksul ya juya shi, amma aikin wata guda ne. Ƙafafun baya kaɗai kuwa ba za su fitar da shi daga yashi ba. Ya koma wurin gwangwan yana ɗingishi, ya tarar an riga an sayar da giyarsa. Kusa da kujerar mai wurin kuma ga aksul a jingine, an goge shi tas, tulunsa a hagu.

"Na motar da ta yi hatsarin ne," in ji mai gwangwan. "Tare suka zo."

"Ka sani ka yi shiru."

"Ka tambaye ni? Kai da kake haɗa bodin tirela?"

"Me kake so?"

"Injin waldar nan naka. Tsufa ya zo, me za ka yi da shi?"

Dogo ya zage shi, ya zagi gwangwaninsa, sannan ya zauna ya sha ruwan da aka miƙo masa. Sharaɗi ɗaya ya sa: sai ya gama liƙa aksul za a ɗauki injin. Suka sake tafawa.

Ana gobe dashe, da hantsi, ya yi walda ta ƙarshe, ya naɗe wayoyin da kansa, ya ɗora a amalanken da aka turo. Washegari ya hau kwarangwal ɗinsa, ya miƙe ƙafar hagu kamar baƙo a gidan mutane. A bakin rafi ya tsaya, ya ja ƙaramin sandan taransifa, motar ta shiga yashi tana rarrafe da ƙafa huɗu har ta hau gaɓa. Surukin yana tsaye bakin rijiya, ya zo tun da safe auna kunyoyin garka.

"Sannu da zuwa, Baba."

"Yawwa. Tunda ka zo, kama mini bututun can."

Mai gwangwan ya ci giyar Dogo ya ci injin walda, har ya sa wani yana yi masa aiki da shi. Surukin ya rasa garkar da ya riga ya lissafa. Matar Dogo ta samu tsakar gida ba tartsatsi. Dogo ya riƙe garkarsa ya rasa sana'arsa, in wani ƙarfe ya tsage a motar yanzu, wurin mai gwangwan yake kai ta.