Muryar da Ta Amsa a Bayan Ƙyaure

A shekarun da kuɗin mai suka fara zuwa, kamfanin da ke shimfiɗa hanya ya kafa sansani kusa da Daudawa. Cikin Turawan akwai wani tsoho mai kula da sito, ɗan ƙasar Sifen, sunansa Anselmo, amma leburori suka mai da shi Baba Salmo. Ya daɗe yana aiki a Maraɗi kafin ya ƙetaro, don haka Hausarsa ta fi ta sauran nesa ba kusa ba.

Malam Barau, malamin firamare a Ƙanƙara, shi ke jagorantar 'yan wasan kwaikwayon garin. Wasanninsu ba su wuce na yaƙi da jahilci da amfanin takin zamani ba. Wata ranar kasuwa tsohon ya tsaya ya kalle su har ƙarshe, da aka watse ya nemi Barau ya ce shi ma da can marubucin wasa ne.

Barau ya riƙa kai masa ziyara. A ƙarƙashin wata bedi tsohon ya ba shi labari kaɗan kaɗan. Yana saurayi suna da babbar mota, shi da abokansa da ƙanwarsa Amparo, suna bin ƙauyuka suna wasa wa manoman da ba su taɓa ganin dandali ba. Sai sojoji suka yi wa gwamnati tawaye, ƙasa ta rabu biyu, maƙwabci ya koma kai sunan maƙwabci. Malaman makaranta da 'yan wasa na cikin waɗanda aka fara nema.

Ranar da abin ya same su suna tsakiyar sabon wasansa ne. Labarin wani manomi ne da ya dawo daga doguwar tafiya, matarsa ta ƙi buɗe masa ƙofa saboda an ce mata ya mutu. Amparo ce matar. Mijin ya ƙwanƙwasa ke nan motar sojoji ta shigo fili. Wata tsohuwa ta ja Anselmo cikin gidanta ta rufe. Sauran an kwashe su da kayan wasan a jikinsu, aka kai su jikin katangar maƙabarta aka harbe su. Daga baya ya haye duwatsu cikin ƙanƙara zuwa Faransa, daga nan sai Afirka. Bai sake rubuta komai ba, kuma janar ɗin da ya ci yaƙin har lokacin shi ke mulki.

Barau ne ya ce a yi wasan da Hausa. Tsohon ya yi ta ja da baya, sannan ya yarda. Babu takarda, daga kansa yake faɗa Barau na gyara Hausar. Ɗanliti tela, wanda ya saba ɗaura zane ya fito a mace, aka sa ya zama matar. Mijin kuwa Lawwali ne, tsohon soja da ya dawo daga yaƙin Biyafara, mutum mara yawan magana. Ko matarsa ba ta san abin da ya gani a can ba.

Aka sa wasan bayan la'asar a filin makaranta, lokacin bazara. Mutane suka zo daga Ketare da Pauwa. An kafa ƙyauren katako tsakanin zana biyu, bayansa fili ne fetal har zuwa bangon aji. Baba Salmo na zaune a gaba kan kujerar da hedimasta ya ba shi.

Komai ya tafi daidai har Lawwali ya iso ƙofa da sandarsa da ƙunshin kayansa. Ya ƙwanƙwasa. A nan ne Ɗanliti zai ƙanƙance murya ya ce mijinta ya mutu, jama'a su yi dariya. Shiru. Lawwali ya sake ƙwanƙwasawa.

Sai wata murya ta fito, ta mace sosai, ƙasa ƙasa, amma har na bayan fili sun ji ta.

"Sun tafi?"

Babu wannan a cikin wasan. Barau na tsaye a gefe. Zafin da ake yi ya ɗauke kamar an buɗe randa, yara suka daina motsi. Lawwali ya saki sandar. Ya daɗe tsaye, goshinsa jingine da katako, sannan ya amsa da muryar da Barau bai san shi da ita ba.

"Sun tahi. Babu kowa. Fito."

Ƙyauren ya buɗe a hankali, iyakar yadda mutum siriri zai wuce. Ba wanda ya fito. Baba Salmo ya miƙe, ya cire hularsa, ya juya kansa sannu sannu daga ƙofar zuwa tsakiyar jama'a kamar yana bin wani da ido. Matan da ke zaune a wajen suka janye ƙafafunsu, daga baya kuma ba wadda ta iya faɗin dalili.

Barau ya zagaya baya da gudu. Ya iske Ɗanliti zaune a gindin bangon aji, yana rawar sanyi, ba gyale a kansa. Ya ce wata mata ce ta zo ta ce masa wurinta ne, ya ɗauka cikin sababbin malaman asibiti ce Malam ya turo. Ya miƙa mata gyalen bai yi musu ba. Da aka tambaye shi kamanninta sai ya rasa, abin da kawai ya riƙe shi ne ƙafarta ba takalmi.

Wasan bai ci gaba ba. Liman ya sa aka yi addu'a a wurin, jama'a suka watse ba hayaniya. Ɗanliti ya kwanta zazzaɓi, da ya tashi ya ce shi da shigar mata har abada.

Bayan kwanaki Barau da Lawwali suka je sansani. Sun tarar da tsohon yana cin abinci da kyau, abin da ma'aikata suka ce sun daɗe ba su gani ba. Ya tambayi Lawwali da wane harshe ya ji maganar. Lawwali ya ce da Hausa mana.

"Ni da namu na ji," in ji tsohon. "Amma ban iya amsawa ba. Wancan karon ma, da Amparo ta kira ni ina ɓoye a gidan tsohuwar, ban amsa ba. Yaya aka yi ka san abin da za ka ce?"

"Baba, na taɓa jin tambayar ga," Lawwali ya ce. "A wani ƙauye bayan kogin Kwara, cikin wani ɗakin ajiyar doya. Ranar ni ne wanda ake tambaya ko ya tahi."

Tsohon ya kama hannunsa ya riƙe.

Da kaka ta yi, rediyo ya faɗi mutuwar janar ɗin ƙasar su Baba Salmo. Kamfani na shirin matsawa wajen Sabuwa, Baba Salmo ya ajiye aiki ya ce zai koma ya nemi ƙauyen, ko akwai wanda ya san inda aka binne Amparo da sauran. Barau ya raka shi tasha a Funtuwa. Ba su sake jin labarinsa ba.

A hanyar dawowa Barau ya biya ta gidan Lawwali ya iske shi a zaure yana gyaran galma. Ya zauna. Lawwali bai ɗago ba, sai ya fara faɗin sunan ƙauyen, da sunan kofur ɗin da ke tare da shi, da abin da suka yi bayan an buɗe ɗakin. Barau ya saurara har aka kira magariba, suka tashi suka yi alwala.