Tabarmar Vaosa Ta Je Brisbane

Ranar da ma'aikatan gidan tarihi suka zo ƙauyenmu daga Apia, babban birninmu, neman aron tabarmin da za a zaga da su ƙasashe don nuni, duk matan ɗakin saƙa muka noƙe. Tabarma mai adon jan gashin tsuntsu ba abar ba baƙo aro ba ce. Vaosa kaɗai ta tambayi garuruwan da za a bi. Da ta ji an ambaci Brisbane ta ƙasar Ostireliya, ta tashi ta ɗauko tata, wadda ta yi shekaru tana saƙawa, mai laushi kamar zane.

Na tsokane ta, na ce tsohuwa ta ga baƙi ta rikice. Ta ce in yi shiru, ni da hannuna bai iya komai ba sai feraye gwaza.

Kowa ya san dalilinta. Autanta Tavita yana can. Tun da suka yi faɗa da ubansa ya tafi, ko jana'izar uban bai zo ba, daga nan kunya ta hana shi kiran gida.

"Zai gane hannuna," in ji ta.

Tabarmar ta daɗe a Auckland, ta wuce Sydney. Kafin ta isa Brisbane, mantuwa ta kama Vaosa. Sai ta ɗora tukunya ba wuta, tana kiran mijinta ya zo cin abinci.

Daga baya Tavita ya gaya mini matarsa ce ta ja shi wurin nunin. Yana bin dardumomi da saƙe-saƙen bango yana hamma, sai ga tabarma cikin gilashi. Bai ma karanta sunan ba. Uwarsa bahaguwa ce, ita kaɗai ke naɗe bakin tabarma ta hagu. Ya zauna a ƙasa, har mai gadi ya kawo masa ruwa.

Ina gidan Vaosa ranar da ya iso ƙauyen. Ya durƙusa gabanta ya ce, "Mama, ni ne, Tavita."

Ta dube shi da fara'a, ta ce in dama wa baƙo koko. Da aka ce daga Ostireliya yake, ta kama hannunsa.

"Ina da ɗa a can. In ka koma ka ce ina gaishe shi."

Ya zauna tare da ita har ƙarshen damina. Ya gyara rufin ɗaki, yana tura ta a keken marasa lafiya zuwa coci, kowace safiya yana sake gaya mata sunansa. Ta rasu bayan Ista. Da ya koma wurin iyalinsa yakan kira ni ran Lahadi, amma hirar ba ta nisa.